Sanarwar Rasuwar Agogon Jirginmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda sanyi ya daskarar, ni Eilif Bjerkmo nake sanar da rasuwar agogon jirginmu, ranar Alhamis, ana iska da dusar ƙanƙara, wata na biyar da ƙanƙara ta riƙe mu a tekun arewa.

Marigayin ya rayu shekara goma sha tara cikin akwatin katako. Bai taɓa gaggawa ba, bai taɓa makara ba. Shi ke riƙe mana lokacin gida; da shi da taurari Kyaftin Rustad ke gane inda ƙanƙara ta ja mu. Maganarsa ɗaya ce: tik, tik, tik. Ni da na gudu daga makaranta a aji huɗu, na bar aikin kifi, na bar aikin gawayi, wurinsa kaɗai na iya zama. Kowace safiya ƙarfe takwas nake murɗa masa makulli sau bakwai. Abin da ya roƙa a duniya ke nan.

Jinyarsa gajeriya ce. Ranar Talata ake sa ran rana za ta leƙo bayan wata uku na duhu, don a nan arewa ba ta fitowa sam lokacin sanyi. Mu mutanen garin Tromsø ba ma barin ta ta fito ba mai tarbarta. Na kasa jira. Tun kafin takwas na ɗauki burodi mai zaƙi na bi mutum biyu zuwa wani tudun ƙanƙara. Mun gan ta, ja, kamar bakin faranti, minti shida. Sai guguwa ta rufe mu kwana biyu a ramin dusar ƙanƙara.

A jirgi kowa ya ɗauka wani ya murɗa. Da na dawo na tarar da agogon shiru. Na sa makulli da yatsun da ba na ji don sanyi, wani abu ya ce ƙas a cikinsa.

Kyaftin bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ka gaishe ta da kyau, ɗan rana? Sai ka koma ka tambaye ta inda muke.”

Torvald mai girki ya ce, “Bar shi, Kyaftin. Ko uwarsa bai taɓa zama wurinta wata biyar ba.”

Marigayin ya bar kyaftin ɗaya da taswirar da ba ya iya sa wa alama. Dakta Vold, mai auna zurfin teku da sanyinsa, wanda yanzu yake rubuta awo bai san na ina ba ne. Agogunan aljihu uku da ba sa jituwa. Da mutum goma sha ɗaya waɗanda, in ƙanƙara ta sake su, ba su san ko ƙasa tana gabas ko tana yamma ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi a ramin ƙanƙarar da muke ɗibar ruwan awo. Ni zan saukar da shi. A zo da hula a kai, ba a bukatar cirewa. Ba za mu iya faɗin ƙarfe nawa ba. In kun ga mun taru, lokaci ya yi.

Abin da aka rasa: agogo ɗaya, lokacin gida, yatsuna biyu na hagu da sanyi ya ci, da awon Dakta na duk kwanakin da suka rage. Makullin yana wurina.