Bafaranshiyar da Ta Tsoma Baki a Auren Sani

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Sani, ɗan ƙanena Garba, ba. Ko na so in manta, mutanen Zuru ba za su bari ba. Tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, bari in ba da nawa.

Ni tsohon soja ne. Aiki ya kai ni Lebanon da Laberiya, bayan ritaya kuma na yi fatauci a Yamai da Kwatano. Ina jin Dakarci da Hausa da Turanci da Faransanci, da Larabcin da zai ishe ni ciniki. Don haka lokacin da surukina ya dawo daga Faransa, zamanin da wayar hannu ta fara yawa a garinmu, ya san tsarabar da ta dace da ni. Na'ura ce mai nuna hanya da taimakon tauraron ɗan'adam da ke sama, girmanta kamar tafin hannu, da muryar mace a ciki tana gaya maka inda za ka karya kwana.

Matsalar ɗaya ce: ta mota ce, ni kuwa babur gare ni. Gindinta wata roba ce da ake mannawa a gilashin gaba, wutarta kuma daga ramin kunna sigari take sha. Babur ba shi da ko ɗaya. Na manna ta a tanki, ta zame. Na shafa mata yawu, ta sake zamewa. A Bairut na ga mutum ya ɗora firji a kan keke, ni za a ce abu kamar tafin hannu ya gagara? Na yanko robar tsohon tib na cikin taya, irin wadda muke ɗaure buhun dawa da ita, na naɗe na'urar a kan babur tamau, fuskarta kawai na bari a waje. Na samo ramin sigari na mataccen Fijo, na ja waya biyu kai tsaye zuwa batir. Ta kawo wuta. (Ban lura cewa makullin babur ba shi da iko da ita ba, kuma maɓallin kashewa yana can ƙarƙashin roba.)

Ni ne babba a gidanmu, ni ne wakilin ango. Taubashina Tanko, wanda iyakar yawonsa Kwantagora, ya daɗe yana kwaɗayin wannan matsayi. Da safe Garba ya ja ni gefe.

“Yaya, dangin yarinyar nan mutanen ƙauye ne, masu kamun kai. Ka bar abin nan a gida, mu shiga mota.”

Na ce, “Garba, kai ka shiga mota. Ni tauraron sama zai kai ni.”

Tanko ya yi dariya. “Bar shi. Hanyar da muka bi da ƙafa muna yara, yau sai mace ta nuna masa.”

Ƙauyen yana bayan Wasagu. Taswirar na'urar ba ta san shi ba. Muna barin babban titi, fuskarta ta zama fili fetal, kibiya kawai ke yawo. Tana ta magana, amma ƙarar inji ta danne ta. Na isa lafiya, don na san hanya. Na kafe babur daf da tabarmi, gindin ɗorawar da za a ɗaura auren, inda kowa zai gani. (Eh, da gayya na yi. Mutum ba ya sha wahalar ɗaure abu don ya ɓoye shi a bayan rumbu.)

Aka zauna, maza zalla kamar yadda aka saba, mata suna cikin gida. Aka ajiye goro. Na gyara babbar riga, na ce muna nema wa Sani auren Hadiza. Waliyyinta, wani dattijo da ba ya murmushi, ya ce, “Mun ba ku.” Wuri ya yi tsit, ana jiran in ce mun karɓa.

Sai muryar mace ta tashi, mai zaƙi, da Faransanci.

Kowa ya waiwaya. Liman ya sauke hannu. Waliyyi ya ce, “Wace ce wagga cikin maza?”

Tanko ya sunkuyar da kai kamar mai ladabi. “Ta Baba Soja ce, Malam. Tare suka zo.”

Waliyyi ya dube ni. “Mi taka cewa?”

Ni kaɗai ke jin harshen, kuma soja ba ya ƙarya a gaban liman. Na ce, “Cewa ta yi mu juya mu koma kan hanya.”

Fuskar waliyyi ta canza. Garba ya dafe goshi. Muryar ta sake maimaitawa.

Na miƙe, na tsallake ƙafafun dattawa, na murɗa makulli. Ba ta yi shiru ba. Na laluba maɓalli, roba ta rufe shi. Na ja waya ta tsinke, ashe tana da ɗan batirinta a ciki. Na tuɓe hula na rufe ta, muryar ta fito ta ƙarƙashin hula. Na kama ƙullin roba da haƙora, ina tsaka da ja, sai ya kuɓuce ya zabge ni a leɓe. A ƙarshe na tura babur da hannu, ba hula, riga tana jan ƙasa, na nufi gonar dawa da shi, ita kuma tana ta ba ni shawara.

Daga can na jiyo muryar Tanko a sarari: “Mun karɓa.” Sai Fatiha. Na ɗaga hannu ni kaɗai a bakin gona, na shafa.

Aure dai ya ɗauru. Daga baya Garba ya ce waliyyi ya so tashi, liman ne ya riƙe shi da cewa ba a fasa alheri don baƙuwa ta rasa tarbiyya. Tun ranar, duk auren gidanmu Tanko ake kira, babur ɗina kuwa Madam ake ce masa har a kasuwa.

Suna so in ce na yi nadama. Ban yi ba. Ni ne mutum na farko da ya sa tauraron sama ya bi babur zuwa Wasagu, kuma ɗaurin da na yi bai kwance a hanya ba, a tambayi leɓena. Na sa mata makunni, na ci gaba da hawa abina. Abin da na koya kaɗan ne: kafin ka ba abu baki, ka san inda ake rufe shi. In kuma za ka yi fariya a gidan surukai, kafe ta nesa da tabarma.