Ranar da Na Shafa wa Taya Mai

Duk abin da tsufa zai goge mini a ka, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, lokacin ina saurayi ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa. A ɓangaren jiƙa nake, wato inda ake tsoma ɗanyun fatu a rami har gashi ya saki. Wanda bai taɓa shiga wurin ba ba zai gane warin ba. Ni dai na san in na dawo gida Na'ibawa, Inna ba ta bari in wuce zaure sai an miƙo mini bokiti da sabulu.

Sai ga labari wai masinjan kamfani ya yi ritaya, ana neman wani a cikinmu mai babur. Aikin masinja kuwa farar riga ce da jaka a kafaɗa, yau Bompai gobe Sharaɗa, ba rami ba wari. Na sa rai har ina mafarkinsa. Alhaji Sule, shugaban ma'aikata, ya ce ba ruwansa da dogon surutu, ranar Asabar da safe kowa ya zo da babur ɗinsa. Za a ba ka ambulan, ka tashi daga get, ka zagaya ta kwanar bayan sito, ka dawo ka miƙa masa a hannu.

Mu biyu kaɗai muka fito takara: ni da Mamman, wani mutumin Maraɗi mai tsohon babur da aka ɗaure salansarsa da waya. Nawa kuwa ja ne, bai shekara ba. (A lokacin ina ganin duk Kumbotso babu mai kwanciya a kwana kamata, kuma ni kaɗai ne shaida.)

Ranar Juma'a bayan an tashi, na wanke babur tas, amma tayoyin suka ƙi yi mini kyau, sun yi furu-furu. Nan dabara ta zo mini. A ɓangaren gamawa akwai wani mai da ake shafa wa fata don ta yi laushi da sheƙi, kuma duk ma'aikaci ya san shi, don da shi muke goge takalman Sallah. Na roƙi kaɗan a gwangwanin madara, da na koma gida na zauna na bi tayoyin nan da tsumma. Ba gefe kawai ba, har cikin zanen da ke taka ƙasa, lungu-lungu. Da na gama sai da na ja da baya na yaba wa kaina.

Da asuba aka yi yayyafi. Gari ya waye da sanyi-sanyi, kwalta ta yi baƙi tana naso. Don kada tayoyina su ɓaci kafin Alhaji ya gani, a motar wani abokina mai ɗaukar fatu na ɗora babur ɗin har bakin get. Ko taku ɗaya ba su yi a kan titi ba.

Baba Gyang, bakaniken kamfani, wani dattijo mutumin Jos, ya zo ya tsaya yana kallon sama yana kallon kwalta.

"Ɗana, yau ƙasa ba ta da riƙo," in ji shi. "Rage iska kaɗan, ka je ka ɗan zagaya taya ta ɗumama. In ka shiga kwanar can kuma, kada ka taɓa birkin gaba."

"Baba, ku bar ni da ita," na ce. "Ai ni da kwana mun saba."

Ya ce, "To, Allah ya taimaka," ya koma gefe ya harɗe hannu.

Mamman ya fara. Ya tafi kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, da ya isa kwana har ƙafa ya sauke yana dogarawa. Ma'aikata suna ta dariya, ni ne ma kan gaba. Ya dawo ya miƙa ambulan da hannu biyu.

Sai ni. Na soka ambulan a aljihun gaba, na murɗa mai har sau uku don mata masu sayar da ƙosai a bakin get su juyo. Suka kuwa juyo. Miƙaƙƙen titin ya tafi lafiya, har ina jin iska tana kaɗa rigata, ina ganin kaina a ofisoshin Bompai. Da na iso kwana na kwantar da babur yadda na saba, sai na ji kamar an janye tabarma daga ƙarƙashina. Na damƙi birkin gaba, abin da aka ce kada in yi. Daga nan babur ya yi gabas, ni na yi arewa a kan ɗuwawu, ina tafiya ina salati, ban tsaya ko'ina ba sai cikin lambatu.

Kuma ba kowane lambatu ba. Wanda ke kwashe ruwan ɓangaren jiƙa ne, ruwan da ni da hannuna na sako jiya, da gashin awaki da komai.

Ban karye ba, gwiwa ce kawai ta sale. Amma wallahi da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na fito ina ɗiga, masu ƙosai sun toshe hanci suna "sannu, sannu" daga nesa. Don ƙarfin hali har na taka wurin Alhaji Sule na zaro ambulan na miƙa. Ya dube ta, ya dube ni, bai karɓa ba.

Baba Gyang kuwa babur ya nufa. Ya tsuguna ya shafa tayar da yatsa, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya ɗaga yatsan sama kowa ya gani.

"Wannan ai man gamawa ne," ya ce. "Ɗana, jaka za ka ɗinka da tayar, ko takalmi?"

Wurin ya fashe da dariya. Har Alhaji, da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, sai da ya dafa bango. Da ya huta ya ce, "Mamman, Litinin ka zo ka karɓi riga. Kai kuma, tunda ka mai da kanka ɓangarenku da kanka, ba sai na raka ka ba."

Shekara huɗu na ƙara a bakin ramin nan, ana kirana Mai-sheƙi. Kullum Mamman zai wuce cikin farar rigarsa a hankali, ya ɗaga mini hannu da ladabi, ladabin da ya fi zagi ciwo.

Har yau ina hawan babur, kuma in aka yi yayyafi tafiya nake kamar Mamman, in wani dattijo ya yi magana kuma ina saurara. Jikokina suna mita wai tayoyina kullum a daƙune, su wanke mini. Nakan ce su wanke ko'ina, amma taya a bar mini ita da dattinta.