Tulun da za a fasa

"Ram Ram, Dadi. Ashe har yau ba a mutu ba?"

"Sai na ci abincin zaman makokinka tukuna. Ina tulun?"

Ina bakin ƙofata ina kallonsu, jika da kakarsa; "Ram Ram" ita ce gaisuwar garinmu. Kwana arba'in famfon unguwarmu bai ɗiga ba, shi ne mata suka shirya yau kowacce ta ɗauki tulun ƙasa, su je su fasa a ƙofar ofishin ruwa. Dadi Phuli, wato Kaka Phuli, mai shekara saba'in da ɗoriya, ta aiki jikanta Mangilal wurin maginin tukwane. Ja'irin ya dire mata tulun roba, shuɗi.

"Wannan zan fasa?"

"Ya fi ƙarko. Shekara goma kina bugawa."

"In buga shi ya yi tsalle ya dawo mini? Su manyan ofis su ce tsohuwa ta zo ƙwallo?"

"To ki zauna gida mana. Wa zai ji muryarki? Haƙori biyu ya rage, shi ma ɗaya na neman sallama."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani. Kai mai haƙori talatin, me ka taɓa cewa? Ko akuya ta taka ka, kai ke ba ta haƙuri."

"Taka tsantsan ne."

"Tsoro dai. Gashin baki har kunne, zuciya ta kaza."

Ni ma tsoron nake ji, don bara da matan wata unguwa suka je, 'yan sanda sun sa kulki, wata har yau ba ta iya ɗaga hannu. Mangilal ya ce to zai bi su Dadi. Dadi ta hana, ta tuna masa an yi magana babu namiji ko ɗaya, don da sun ga gashin baki duka zai fara.

"Dadi, in suka ɗaga sanda fa?"

"Su ɗaga. Ƙishirwa ta riga su dukana."

Ya leƙa bayan ƙofa ya fito da tulun ƙasa sabo fil. Ashe ya saya, ɓoyewa ya yi. Sai ya kwance rawaninsa a gaban mutane, abin da namijin garinmu ba ya yi, ya naɗe shi gammo mai kauri ya ɗora mata a ka.

"Kar ki cire, ko kin fasa tulun."

Dadi ta yi dariya, ta taɓa gammon.

"Yau dai kan nan naka ya yi amfani."

"Aro ne, tsohuwa. Ke za ki dawo mini da shi da ƙafarki."