Uwar Tururuwa a Rumfar Waina

Akwai wani abokina a Funtuwa, Ilu mai gyaran waya, wanda Allah ya jarabce shi da kiwon tururuwa. Ba wai irin wadda ke shigo wa mutum gida don kanta ba. Shi da ƙafarsa ya je ya tsinto uwarsu bayan ruwan fari, ya haɗa mata akwatin gilashi, ya zuba ƙasa, ya ɗora a falo daidai inda mutanen kirki ke ajiye talabijin. Jama'a na kiwon rago su ci nama da Sallah, shi yana kiwon abin da ko kaza ba ta ƙoshi da shi. Kullum da safe sai ya sa hantsakinsa na gyaran waya ya tsinka musu 'yan ƙwayoyin gero, ya ɗiga ruwa a auduga, ya lulluɓe gefen da uwar take da baƙin ƙyalle, wai ba ta son haske. In ka yi tari kusa da akwatin harara ce za ta biyo baya. Ya sha gaya mana, har mun haddace, cewa gidan nan gaba ɗaya a kan uwar ya tsaya. Ita kaɗai ke haihuwa, ranar da ta mutu sauran sai su ƙare ɗaya bayan ɗaya.

To surukarsa, mahaifiyar matarsa Lantana, waina take soyawa a bakin tasha, kuma ciniki ya ja mata baya tun da wata ta kafa tanda a tsallaken titi. Sai wani malami ya ba ta laƙani. Wai ta yi wa tururuwa sadakar gero, ta ɗebo ƙasar gidansu ta ajiye kusa da tandarta, masu saye za su yi ta yin layi kamar tururuwar. Tsohuwa ta ce ina ita ina shiga daji neman gidan tururuwa, alhali mijin 'yarta ya ajiye nasa a falo har da fanka? Ta bari sai ranar da Ilu ya tafi ta'aziyya Malumfashi zai kwana, ta iso da kwanon geronta. Lantana ta buɗe baki za ta yi magana, aka ce ta rufe shi. Tsohuwa ta juye geron nan duka a cikin akwatin, ta yaye baƙin ƙyallen, ta luma ludayi ta kwaso ƙasa daidai ɗakin uwar, ta zuba a gwangwanin madara ta yi gaba.

Da safe Ilu ya dawo ya tarar da akwatinsa ya koma rumbu. Ya tona, ya tona, babu uwa, sai Lantana ta gaya masa yadda aka yi. Wallahi na ga mutumin nan ranar da aka sace masa babur, bai shiga wannan halin ba. Ya zo gidana hula a karkace, ya ce in kai shi tasha yanzu-yanzu kafin zafin murhu ya gasa ta.

A hanya sai cika baki yake, wai yau za a yi ta ta ƙare, har surukuta tana da iyaka. Na ce to, Allah ya kai mu. Muna isa, tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya gyara hula, ya je ya tsuguna can gefen rumfa ya dasa idonsa a ƙasa. Mutumin da ya zo faɗa sai ga shi yana tambayar gajiya da sanyin safiya da lafiyar mutanen gida har da na maƙwabta. Ga gwangwanin nan kuwa a gindin murhu, an rufe bakinsa da leda an ɗaure da tsumma. Yana gaisuwa yana satar kallonsa, gumi na zuba masa.

Da gaisuwa ta ƙare ya rasa ta inda zai ɓullo, sai ya ce, “Inna, dama an ce jiya kin leƙa wajenmu.”

Tsohuwa ta juya waina ba ta ko dube shi ba. Ta ce, “Na leƙa. Na ga dabbobin naka duk sun rame, na ba su abinci. Wane irin kiwo ne wannan, ana ba dabba gero da tsinke?”

Ilu ya ce, “Allah ya saka da alheri, Inna. Sai dai a cikin ƙasar da aka ɗebo, kamar an haɗo da wata 'yar babba haka.”

Ta ce, “Mai ƙaton cikin nan? Ai da gangan na zaɓo ta. In ƙananan na jawo masu sayen waina, wannan direban tirela za ta kawo mini.”

Ni dai na juya baya ina duba tayar babur, don in na yi dariya a nan abota ta ƙare.

Ilu ya ƙara matsowa da gwiwa. Ya ce, “Inna, don Allah a taimaka a janye ta daga bakin wutar nan. Ita ce uwarsu, ita ta haife su duka. Ba ta saba da wahala ba. Ba ta shan rana, ba ta shaƙar hayaƙi, ko ƙofar ɗaki ba ta fitowa. Tana kwance 'ya'yanta ke kai mata abinci har baki, su goge mata jiki, su share mata ɗaki. Ni kuma ina bi da ruwa da inuwa. In aka bar ta a nan ko azahar ba za ta kai ba.”

Sai a lokacin tsohuwa ta ajiye cokalin suya. Ta goge idonta da hayaƙi ya sa ya yi ja, ta ɗauki gwangwanin ta kwance ledar ta leƙa ciki ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi surukin nata tun daga hula har yatsun ƙafa.

Ta ce, “Ashe ka san haka ake riƙe uwa? To bar ta nan ta soya wainar, ni ka kai ni ka sa a gilashin.”