Manhajar da Ba Ta Komawa Baya

A wajen ta'aziyya a Jega Firchin abin ya fara cin Zakariyya. An ɗaga hannu ana addu'a, ya gyara zama, cinyarsa ta danne waya, manhajar maigidansa ta buɗe. Sai kalangu ya ɓarke daga aljihunsa, maroƙi na kwarara: "Maiwada giwar albasa!" Ya latsa nan, ya latsa can, ƙara kawai take yi. Da rarrafe ya bar tabarmar.

Laifin cinya ne, ba na manhaja ba. Wa zai ga laifin abin da Alhaji Maiwada ya tsara da kansa? Mutumin da albasarsa ke sa 'yan Kudu hawaye, wanda tun daga Aliero har Maiyama ba a ɗinke buhu sai an ambace shi. Zakariyya taubashinsa ne kuma wakilinsa a gonaki, shi ya raɗa wa Alhaji suna Sarkin Latsi.

Da Alhaji ya sa aka haɗa masa manhajar tafiyar da kasuwanci, masu aikin sun kawo abu fari tas, rubutu manya. Ya dube shi a wulaƙance.

"Wanga ai na talakawa na. Ina hotona?"

Aka sa hoto, babbar riga ta cinye rabin fuskar waya, aka kuma sa kalangu da kirarinsa su riƙa tashi in an latsa. Rubutu ya koma ruwan zinari bisa ruwan ɗorawa, don haka wakilai a tsakar rana sai sun lulluɓa da riga kafin su karanta, kamar masu turaren mura. Wurin tura mota ya maƙale ƙarƙashin takalmin hoton, bai kai ƙwayar gero ba. Da aka ce a tambayi wakilai ko sun gamsu, Alhaji ya tambaye su da kansa, ranar rabon shinkafar azumi. Kowa ya gamsu.

Sai ya hango wata 'yar kibiya a gefe. Aka ce ta komawa baya ce, in an yi kuskure.

"Ku cire ta. Ni Maiwada ban magana biyu."

Ya kuma kafa doka: direba ya kashe kunne ga kiran kowa, abin da manhaja ta ce shi ne.

Ranar da aka tone albasar gonarsa ta Danwarai, tana jibge a rana, in ta daɗe sai ruɓa, Alhaji ya tara manyan 'yan kasuwa a rumfarsa su ga zamani.

"Da yatsa guda nike tuƙa tirela," in ji shi.

Ya ɗaga yatsan, mai kauri kamar rogo, zobe na walƙiya. Ya sauke. Kalangu ya tashi, aka yi tafi. Zakariyya ya leƙa, ya ƙanƙance ido, ya ga motar ta karɓi umarni: Kuberi. Wani ƙauye can Maiyama, inda Alhaji ba shi da ko ganyen albasa.

Aka kira direba. Bawan Allah mai bin doka, bai ɗauka ba. Alhaji ya shiga shafa wayar, yana laluben gefen da kibiya take a da. Baƙi suka dena tafi.

Zakariyya ya gyara murya yadda kowa zai ji.

"Ranka shi daɗe, Sarkin Latsi, ko a roƙi hoton shi juyo da ita? Ga shi nan shina murmushi."

Alhaji bai ko ɗago ba. Ya zaro makullin babur ya jefa masa a cinya.

"Mi zan yi da kibiya ina ciyar da kai? Tashi, bawana, bi motar. Kai na kibiyar komawa baya."