Yaƙin Haladu da Hon ɗin Giwar Titi

Da sunan Sarkin da ya halicci ƙarfe, ya kuma halicci tsatsa, muke buɗe wannan tarihi. Ku gyara zama ku ji labarin gwarzon gwaraza, Haladu ɗan Barau, jikan Jatau Mai Keke, wanda ya fara shigo da keke Tudun Maƙera ya kuma yi ta tura shi da hannu har ya koma ga Mahaliccinsa don kada taya ta cinye, tattaɓa kunnen Nomau Sha Gudu, wanda bai taɓa fashin zuwa yaƙi ba, bai kuma taɓa bari wani ya riga shi dawowa gida da labari ba. Haladu na Lantana, toron giwa, ƙi gudu sa gudu, sarkin masu katifa na bakin tasha, wanda ko akuya zai kora sai ya fara ba ta haƙuri!

A shekarar da Lantana ta haifa masa ɗan fari ta tafi wankan jego gidan iyayenta, gwarzon ya ɗaura niyya cewa ba a kan babur zai dawo da iyalinsa ba. Ya sayi mota hannun wani dillali, Tukur Bakin Zuma, ya raɗa mata suna Giwar Titi. Ƙofar fasinja rabonta da buɗewa tun tana jirgin ruwa, na baya kuwa sai ta waje suke buɗuwa, amma waɗannan duk ƙananan jarrabawa ne. Babbar musiba tana ƙarƙashin ƙafa: da an taka birki sai hon ya ɗauka, ba ya shiru sai an ɗaga. Ranar gwaji Tukur ne ya tuƙa, kuma ɗan duniyan nan bai taɓa birki ba, da tarin yashi ya tsayar da ita. Haladu kuwa da ya hau hanya yana jin hon a kowace kwana, ya ɗauka jama'a ce ke taya shi murna, har yana ɗaga musu hannu.

Haka ya isa ƙofar gidan surukinsa Malam Ladan a Tudun Maƙera, dattawa sun cika tabarma bayan la'asar. Kowa ya san yadda ake isa wurin suruki: a tsaya nesa, a tuɓe takalmi, a durƙusa, ido a ƙasa. Haladu ya taka birki cikin ladabi, Giwar Titi ta kurma ihu. Ya ruɗe ya ƙara dannawa, ta ƙara kurmawa, har butar liman ta kife.

Malam Ladan ya miƙe gemunsa na rawa, ya ce, "Ni za a yi wa hon a ƙofar gidana kamar fasinja? To, Lantana da jaririnta ba inda za su, sai ranar da yaron nan ya koyi sallama!"

Wayyo Haladu! Wanka ya ƙare, ɗaki ya zauna shiru, ɗan da rabonsa da gani tun ranar suna yana can yana girma ba uba. Baƙin ciki ya hana shi cin tuwo. Saboda tsananin kunya ya yi wa birki saki uku a gaban duk mai furfura, ya gwammace ya yi karo da ya sake yi wa babba hon, sai ga shi yana ratsa gari kamar kibiya, kaji na shahada, masu tallan kunu na neman tsari. Ranar da ya ci karo da masu ɗauke da gawa, dole ta sa ya taka, ya raka mamaci da hon har bakin maƙabarta, a ranar ya ce tura ta kai bango. Ya ɗaura ɗamara, ya karkata hula, ya yi kirari: "Yau ko ni ko Tukur!"

Ya kai ƙara gaban Sarkin Dillalai, Alhaji Gambo, mai yanke hukunci a gindin darbejiyar kasuwar motoci, wanda daga benci guda ya kashe husumomin da suka gagari alƙalai. Haladu ya zayyana laifin Giwa tiryan-tiryan, ya ce rayukan al'umma na cikin haɗari, aurensa kuma ya fi su. Tukur ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma wannan ai ƙari ne na yi masa, mota mai sanar da tsayuwarta!"

Sarki ya ce shari'a ba ta tafiya sai da shaida. Ya shiga ya taka birki da kansa, hon ya ɗauka, ya yi tasbihi. Wakilinsa ya ce shi ma sai ya gani. Daga nan dattawan kasuwa suka yi layi, kowa ya taka ya ji, wasu har suna maimaici don tabbatarwa, tun hantsi har rana ta karkata, har muryar Giwa ta fara dishewa. Sannan aka zartar da hukunci: Tukur ya kawo mai wayarin ya gyara a gaban shaidu. Mai wayarin ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya tsinke wata jar waya, ya rasa inda zai kai ta, ya cusa ta jikin ƙofar direba. Haladu ya shiga ya taka birki. Shiru! Kasuwa ta ɗauki kabbara, Sarki ya shafa fatiha.

Gwarzon ya buɗe ƙofa zai fito godiya, hon ya ce ga ni nan. Ana wata ga wata! Alhaji Gambo ya kakkaɓe riga ya ce, "Ƙarar birki ka kawo, ɗana, an kuwa share maka hawaye. Ta ƙofa sabuwar ƙara ce, sai zama na gaba."

Amma mai kewar ɗansa ba ya jiran zama na gaba. Haladu ya ja ƙofa ya rufe, ya fuskanci Tudun Maƙera da zuciyar mayaƙan farko. Ya hango tabarma, ya hango gemun, ya taka birki, Giwa ta tsaya tsit kamar amarya. Ya kashe ta. Saura fita. Ya dubi ƙofar direba, maƙiyiya. Ya dubi sauran, ba mafita. Ya tuɓe takalmansa ya jefa waje, ya yi bismilla, ya zura kai ta taga, tumbin ya ɗan yi gardama, sannan ya sulmiyo gaba ɗaya ya kifa da goshi a ƙasa daidai ƙafafun surukinsa.

Liman ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin faɗuwar gaisuwa irin wannan ba, ko a fada. Idon Malam Ladan ya ciko, ya ce a fito da Lantana. Ta fito da jariri a kafaɗa tana danne dariya da mayafi, aka buɗe mata baya ta shiga. Haladu ya saci kallon ɗansa, daɗi ya kusa kashe shi.

Ya koma ta taga, ya murɗa makulli. Ƙyas, sai shiru, don shaidun kasuwa sun shanye batir. Malam Ladan ya fara naɗe hannun riga zai tura. Haladu ya ɗora hannu biyu a ka ya kwarma ihu: "Wallahi Baba ba za ka tura ni ba!" Tsohon ya ce, "To sauko ka tura, ni da na tuƙa babbar mota kafin a haife ka." Kafin a ce kwabo ya ja ƙofar direba, hon ya yi ɗan kuka siriri kamar ɗan akuya. Malam Ladan ya dubi ƙofa, ya dubi hannayen Haladu a ka, ya ce, "Au! Ashe ba kai ne marar kunyar ba, ita ce."

Haka jikan Jatau ya gaji kakansa, ya sa kafaɗa yana turi ba takalmi, har Giwa ta tashi a gangara ta tafi da suruki da mata da ɗa, ta bar shi yana haki. Da ya isa gida a ƙasa ya tarar an sauke iyalinsa lafiya. Ya durƙusa ya miƙa hannu biyu zai karɓi makulli. Malam Ladan ya leƙo ta taga ya ce, "Ga matarka nan. Ita kuwa wannan ba ta da tarbiyya, za ta zauna a wurina sai ta yi hankali."

Wa ya isa ya tambayi suruki makulli? Har yau ba ta yi hankalin ba. Kowace safiya Haladu na jiyo muryarta daga nesa, lokacin yana tayar da babur.