Ranar da Na Kwaikwayi Baba Yohanna

Ko da zan manta sunayen duk malaman da suka koyar da ni a lakwal, ba zan taɓa mantawa da ranar bikin Hannatu ba. Ranar ce ni da ko gaisuwa sai an matsa mini nake yi, na buɗe baki a gaban matan unguwa guda.

Lokacin ina aji shida a Ƙonni. Kunya gare ni irin mai ban haushi. In baƙo ya yi sallama gidanmu, bayan rumbu nake gudu. In mushe, wato malaminmu, ya yi tambaya a aji, na san amsa sarai, amma sai in duƙar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Sai dai abin da baki ya rasa, ido ya samu. Na san takalmin wa aka ɗinke da waya, na san wace mata ce ke ɗanɗana miya da ludayi ta mayar da shi tukunya. Kuma ina da wani hali da ƙawata Zali kaɗai ta sani: duk wanda na kalla, ina iya kwaikwayonsa, tafiyarsa da tarinsa da komai. (Ni a ganina baiwa ce. Ban san jiran ranarta take ba.)

Katanga ɗaya ta raba mu da gidan Baba Yohanna da Gwaggo Saratu. Kiristoci ne, tsofaffi, 'ya'yansu duk sun watse, sai jikarsu Hannatu da suka riƙe. Ba mu haɗa jini ba, amma da sallah ni ake aika musu da kwano, da Kirsimeti kuma Baba Yohanna kan kira mahaucin unguwa ya yanka masa rago don kowa ya ci hankali kwance. Aikin asibiti ya yi da ƙuruciya, wankin ciwo da allura. Da ya bar aiki ba su zauna ba. Mutanen Bazaga da Tsarnawa in sun ɗauko mara lafiya a amalanken jaki, ƙofar gidansu suke fara tsayawa, su biyun su raka su wurin likita su nuna musu inda ake layi. Da la'asar kuma matan unguwa su taru a rumfarsu koyon karatu. Gwaggo na rubutu a allo, Baba na zaune yana ja musu baki, su kuwa suna amsawa da goyo a baya.

Ni abin da ya ja ni gidan akwatin ƙarfe ne cike da littattafai, na Hausa da na Faransanci, wasu ba bango. Dokar Gwaggo ita ce a wanke hannu kafin a taɓa. Dokar Baba kuwa, in ka dawo da littafi sai ka zauna ka ba shi labarin abin da ke ciki tun daga farko. Ni na ɗauka jarrabawa ce.

Majami'arsu ɗan ɗakin laka ne mai rufin kwano, tagarsa na kallon katangarmu. Ran Lahadi sai in kife turmi in hau, wai shanya nake yi, alhali kallo na zo. Baba Yohanna shi ke karanta wa jama'a littafinsu, tun kafin a yi wa Innata aure. Wannan karatun shi ne abin alfaharinsa. Tun ran Asabar Gwaggo ke zuba gawayi a dutsen guga ta goge masa farar rigarsa. Hannatu ta taɓa gaya mini cewa akwai wani Mushe Bulus, matashin malamin lakwal mai jera alƙaluma a aljihu, da ya sha ce wa dattawa ya kamata a bar Baba ya huta. Ta ce ranar da aka raba kakanta da karatun nan, ranar zai kwanta.

Daga kan turmin nan na tara kayan aikina. Baba zai gyara tabaransa mai ɗaurin zare a ƙafa ɗaya, ya yi tari, ya lashi yatsa. Yatsan zai riƙa bin layi har ya wuce takarda ya hau tebur, bakinsa bai fasa ba. Ba ya buɗe shafi sai Gwaggo, da ke zaune a benci na gaba, ta buga maficinta a gwiwa, ɗas. In ya tsaya sai ta ja mayafi ta yi gunaguni a ciki, shi kuma ya ci gaba. A gida da rana ita ke karantawa yana maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya. A hanya tana gaba da laima, yana riƙe da gefen mayafinta. Duk na ga wannan. Abin da na fahimta kuwa shi ne, tsoho ne mai tsoron matarsa. (Ku dubi kaifin basira.)

Aka sa bikin Hannatu bayan an gama girbi. Gidan ya cika, matan majami'a da matan unguwa a haɗe, wasu na daka, wasu na tuƙa tuwo, kaset na ta ihu a kan taga. Mu 'yan mata aka tura mu bayan zana wanke kwanoni. Ina can gefe ina cuɗa kwano da toka, sai Zali ta ce, “Ku kuna ganin wannan shiru-shiru, ba ku san ta ba. Ke, yi musu Baba Yohanna.”

Na ce, “Zali, don Allah bari.”

“Wallahi sai kin yi. In ba ki yi ba na faɗa wa mushe yadda kike kwaikwayon atishawarsa.”

Ta tsinto tabarau na kara, irin wanda yara ke haɗawa, ta ɗora mini a hanci. Da na cire na jefar, da yau ba ni da labari. Maimakon haka sai na zare zare daga bakin zanina na ɗaure ƙafa ɗaya, don kada aikin ya fita ba daidai ba. Na ɗauki faifai a matsayin littafi. Na yi tari.

Tarin kaɗai ya kwantar da su. Wata ta faɗa cikin ruwan wanke-wanke. Ni da ban taɓa sa mutum uku dariya a lokaci ɗaya ba, sai na ji wani abu ya hau mini kai. Na lashi yatsa, na bi faifai da shi har ya wuce ya hau iska. Na yi tsalle na zauna a kan kwano na zama Gwaggo, na tsuke baki, na buga murfin tukunya a gwiwa, ɗas. Na sake miƙewa na zama Baba, na yi firgigit na buɗe shafi. Ban ankara ba masu daka sun ajiye taɓare sun leƙo. Manyan mata suka zagaye mu. Wasu na dariya, wasu kuwa na lura dariyarsu ta tsaya a rabi, amma na ce a raina tsofaffi ne, ba su san abin dariya ba.

Wadda ta fi kowa shewa ita ce Madam Rahila, matar Mushe Bulus. Ta share hawaye ta ce, “Tsaya, tsaya ɗiyata. Sai ta buga maficin sannan shi buɗe shafi?”

Babbar mace ta kira ni ɗiyarta a gaban jama'a! Na gyara tabaran kara na ce, “Kullum, Madam. Ko kallon takardar ba ya yi. Ran nan ma iska ta juye masa shafuka, bai ko sani ba, ya ci gaba da karatunsa tsaf.”

Ta tafa hannu. “To ashe ba shi gani!”

Wurin ya yi tsit, sai kaset. Da maganar ta shiga kunnena, sai duk abin da na tara a kan turmi ya haɗu wuri ɗaya: mayafin da yake riƙewa, maimaitawar rana, labarin littattafan da yake sa ni in ba shi. Na juya a hankali. Gwaggo Saratu na tsaye a bakin zana, ta kawo Baba ya yi wa mata sannu da aiki. Hannunsa na kan gefen mayafinta.

Baba ya karkata kai ya ce, “Saratu, wa ke tari irin nawa? Na ji ni a can, ga ni kuma nan.”

Ni kuwa ina tsaye da faifai a hannu, kara a hanci, toka har gwiwar hannu. Gwaggo ta tako ta cire tabaran daga fuskata, ta juya shi ta duba. Ta ce, “Ko zaren ba ki manta ba.” Ta soke shi a ƙugu, ta ja mijinta suka wuce.

Ban san ƙafata ta taɓa ƙasa ba tsakanin gidan biki da gidanmu, don da kunne Inna ta kai ni. Ina kuka ina cewa ban sani ba. Ta ce, “Ba ki sani ba? Ke kaɗai ke da ido a unguwar nan? Mi ya sa mai ƙosai ke janye kaskonta in ta hango shi? Mi ya sa muke faɗin sunanmu in za mu gaishe shi? Mutanen majami'arsu ma sun sani tun tuni. Kin taɓa jin wani ya faɗa? Sai ke, bebiya, ranar da Allah Ya buɗe miki baki!”

Kashegari ta tasa ni gaba zuwa ban haƙuri. Na durƙusa a bakin rumfa. Gwaggo na tsince shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce wa Inna, ba ni ba, “Magana ta kai wurin dattawa. Abin da ba a faɗa ba ana iya ƙyale shi. Wanda aka faɗa a gidan biki, sai an zauna a kai. Lahadi za su yanke.”

Baba ya ce, “Malama Shiru, matso. An ce kin iya ni. Kowa ya gani, ni da aka yi wa ni kaɗai ne ban gani ba.” Na fashe da kuka har da majina. Ya ce, “Tarin dai kin same shi. Amma muryar Saratu kin rage mata kaifi.”

Gwaggo ta ce, “Malam, ba abin wasa ba ne.”

“Ai ban ce wasa ba ne.”

Ran Lahadi na kife turmi ba tare da ko tsumman shanya ba. Baba ya miƙe da farar rigarsa. Ya cire tabaransa ya sa a aljihu. Ban taɓa ganin fuskarsa ba tabarau ba, sai na ga ta ƙanƙance. Ya ɗaga littafin ya ce, “Bulus, zo riƙe mini. Kun ji abin da aka ce, kuma gaskiya ne. Ka bi ni da ido. In na kasa, ka ci gaba daga inda na tsaya, wurin ya zama naka.”

Ya fara. Can tsakiya ya tsaya cak. Na ga Gwaggo ta kai hannu ga mayafi, sai ta fasa. Mushe Bulus ya dubi takarda, ya dubi tsohon, ya dubi inda matarsa ke zaune. Sai ya sunkuya ya raɗa masa kalma ɗaya, ya yi shiru. Baba ya ɗauka ya wuce. Da aka zo ƙarshen shafi, hannun Gwaggo ya yi abin da ya saba, ɗas, Mushe Bulus ya yi firgigit ya buɗe shafi. Baba ya ce, “Saratu, kin samu sabon ɗalibi.” Dariyar da aka yi har tantabarun kan rufin suka tashi.

Haka aka ci gaba, Bulus na riƙe littafi, Baba na faɗa. Bai rasa karatunsa ba. Amma bai sake sa tabarau ba, kuma daga ranar mutane suka fara kama masa hannu a hanya suna ɗaga masa murya kamar kunnen ne ya mutu. Wannan ni na jawo masa, kuma Gwaggo ba ta bari na manta ba. Ta rataye tabaran kara a ƙusa daidai saman akwatin littattafai, ta yadda duk ranar da na zo aro sai mun haɗa ido. Ta kuma ɗora mini karanta wa Baba littafi bayan an tashi daga lakwal. In na yi ƙasa da murya sai ta leƙo daga madafa ta ce, “Ɗaga, ɗiyar nan. Ai duk Ƙonni ta ji kina da ita.”

Har yau ina lura da takalman mutane da yadda suke tari. Sai dai in na hango wani abu da na ɗauka ni kaɗai na gani, nakan fara duba fuskokin tsofaffin matan da ke wurin. In na ga sun duƙufa kan tsince shinkafa kamar ba su ga komai ba, sai ni ma in nemi faifai in zauna.